Daga Akwatin Masu Sauraro: Kafin Ka Sayar Da Gona Don Tura Yaro Karatu Ƙasar Waje

 

Takardar wannan mako ta fito ne daga Unguwar Dosa, cikin ƙaramar hukumar Kaduna ta Arewa, daga wani Alhaji mai sana'ar hatsi da ya roƙi kada mu ambaci sunansa. Ya ce ɗansa ya gama sakandare, yana son karatun likita, amma bai sami shiga jami'a a nan gida ba. To sai wani dillali ya kawo musu takardar ɗauka daga wata jami'a ta ƙasar waje, ya ce an yafe wa yaron rabin kuɗin makaranta, amma sai an biya sauran cikin mako biyu, in ba haka ba a ba wani gurbin. Alhaji ya ce ba shi da kuɗin a ƙasa, sai dai ya sayar da gonar gadonsa da ke ƙauye. Shi ne yake tambaya: wai mene ne ƙa'idodin irin wannan karatu, ta fuskar kuɗi da ta fuskar karatun kansa, kuma ya sayar ko kada ya sayar?

To Alhaji, mun gode da wannan tambaya, matambayi ai ba ya ɓata. Kuma ba kai kaɗai ba ne, akwai manoma da 'yan kasuwa da yawa da irin wannan takarda ta shigo gidajensu.

Abu na farko da muke so ka riƙe shi ne, wannan takarda da aka kawo maka yarjejeniya ce, ba kyauta ba. Igiya biyu ke ɗaure da ita: ta karatu da ta kuɗi. Duk wadda ta tsinke a cikinsu, ko da a shekarar ƙarshe ne, yaro na iya dawowa hannu rabbana, ga gona kuma ta tafi. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

SHIN NIJERIYA TA SAN MAKARANTAR?

Kafin ka tambayi nawa ne, fara tambayar ko takardar shaidar makarantar za ta yi aiki a nan gida. Duk wanda ya yi digiri a waje, in ya dawo sai Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya da ke Abuja ta tantance takardunsa, sannan hukumar NYSC ta yarda ya tafi bautar ƙasa. Kuma za a nemi ganin fasfo ɗinsa da hatimin shiga da fita, don a tabbatar ya zauna ƙasar da gaske. Za a kuma duba sakamakonsa na WAEC ko NECO, a ga ko yana da kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Watau in yaro ba shi da su, tafiya waje ba ta wanke shi ba, gyara na nan yana jiransa.

Ka ji abin da ya faru. A watan Disamba na 2023 wani ɗan jarida mai suna Umar Audu, na jaridar Daily Nigerian, ya fallasa yadda ya sami digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, bai taɓa zama aji ba, har ya shiga bautar ƙasa da shi. A farkon Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Jamhuriyar Benin da Togo. A watan Agusta na wannan shekarar ministan ilmi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce an gano takardun jabu sama da 22,500, kuma jami'o'i takwas kaɗai aka amince da su a ƙasashen biyu, biyar a Benin, uku a Togo. To ka ga, har yaran da suka zauna suka yi karatu tsakani da Allah a sauran makarantun, abin ya shafe su.

Tun da likita ɗanka ke so, akwai ƙarin mataki. Wanda ya karanta likita a waje ba zai taɓa majinyaci a Nijeriya ba sai ya ci jarrabawar Hukumar Kula da Aikin Likita da Haƙori ta ƙasa, watau MDCN, sannan ya yi shekarar koyon aiki a asibiti. Haka wanda ya karanta lauya, sai ya yi ƙarin zango a Makarantar Horar da Lauyoyi kafin ya haɗu da 'yan gida. Saboda haka ka tura wani mai ilmi da ka amince da shi ya tambayi ma'aikatar da hukumar game da sunan makarantar. Kada ka tsaya ga bakin dillali, shi la'adarsa yake nema.

ƘA'IDODIN KARATU

Idan makaranta ta tabbata, sai a duba dokokinta. Kusan kowace jami'a tana da littafin ƙa'idodin ɗalibai. A nemi a karanta maka shi da Hausa, sannu a hankali.

Na ɗaya, zuwa aji. Jami'o'in Indiya da yawa ba sa barin ɗalibi ya zauna jarrabawa sai ya halarci kashi 75 cikin 100 na darussa. A Ingila kuwa makaranta ce ke tsaya wa ɗalibi wajen biza, in ya daina zuwa aji wajibi ne ta kai rahotonsa ga hukumar shige da fice.

Na biyu, harshe. A ƙasashe irin su Rasha da Sin da Turkiyya, in da harshen ƙasar ake koyarwa, akan yi shekara guda ana koyonsa kafin a fara karatun sosai. Ka tambaya ko wannan shekara tana cikin lissafin da aka ba ka. Karatun likita kansa yakan ɗauki kamar shekara shida.

Na uku, maki. Wannan rangwamen rabin kuɗi da aka ce an yi wa ɗanka, galibi yana da sharaɗi: sai yaro ya riƙe wani matsayi na maki a kowace shekara. Ranar da ya faɗi ƙasa da haka, rangwame ya tashi, cikakken kuɗi ya hau kanka. In ya maimaita aji, sabon biya ne. Ka sa a nuna maka a rubuce: rangwamen na shekarar fari ne ko har a gama? Kuma rabin me? Kuɗin koyarwa kaɗai, ko har da ɗakin kwana da abinci?

Na huɗu, takardar sakamakon kowane zango. Ka umarci yaro ya riƙa karɓarta yana aiko maka kwafe. Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, ɗalibanmu da ke Hartum aka kwaso su a motocin safa zuwa iyakar Masar, wasu ta Fot Sudan, kafin jirage su kawo su gida. Haka aka yi da na Yukren a 2022. Wanda ya dawo yana neman ci gaba a wata jami'a, abin da za a fara tambayarsa shi ne shaidar abin da ya karanta. Kuma ka sani ba dole ne sabuwar makaranta ta karɓi dukan darussan da ya yi a tsohuwar ba, tana iya mayar da shi baya.

ƘA'IDODIN KUƊI

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Kai da naira kake ciniki, su kuwa da dala ko fam ko yuro suke karɓa, kuma kowace shekara sai ka biya.

A farkon 2023 farashin gwamnati na dala ɗaya yana wajen naira 460, iyaye na cike Fom A a banki su biya kuɗin makaranta a wannan farashi. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Nijeriya ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Zuwa Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500. Mu yi lissafi tare: kuɗin makaranta dala 3,000 a shekara, a tsohon farashi naira miliyan 1 da dubu 380 ne. A sabon farashi ya zama naira miliyan 4 da rabi. Makaranta ba ta ƙara ko kwabo ba, amma nauyin uba ya ninka fiye da sau uku.

Abin da ya biyo baya kowa ya ji. A watan Mayun 2024 aka ba da labarin ɗaliban Nijeriya a Jami'ar Teesside ta Ingila da suka kasa biya a kan lokaci. Aka rufe musu karatu, aka kai sunayensu hukumar shige da fice, wasu aka ba su takardar su bar ƙasar, alhali akwai waɗanda saura kaɗan su gama. Dokar kuɗi a can ba ta san a yi haƙuri zuwa kaka ba. Kuma makarantu da dama ba sa sakin takardar shaida ga mai bashi.

Ban da kuɗin makaranta akwai fasfo, biza, tikitin jirgi, inshorar lafiya, ɗaki, abinci, littattafai, da sabunta izinin zama. Wasu ƙasashe ma sai ka nuna kuɗin zama tun kafin a ba da biza. Ingila tana so a ga kuɗin sun kwana 28 a jere cikin asusun banki. Jamus, daga watan Satumba na 2024, ta nemi ɗalibi ya ajiye yuro 11,904 na shekara guda a asusun da ba ya iya cira sai kaɗan-kaɗan kowane wata.

In an ce maka yaro zai yi aiki a can ya biya wa kansa, ka yi hattara. A Ingila sa'a 20 a mako aka yarda ɗalibin digiri ya yi aiki lokacin karatu, wasu ƙasashen ma ba su yarda ba sam. Mai karatun likita kuwa ina ya ga lokaci?

Sai dokar mayar da kuɗi. Ka tambaya: in aka hana yaro biza, nawa za a dawo mini? In ya yi rashin lafiya ya dawo bayan wata ɗaya fa? Kafin alƙalami galibi ba ya dawowa. Kuma kuɗin makaranta asusun makaranta ake turawa, ta banki, a karɓi rasit mai sunan yaron. Duk wanda ya ce a zuba a asusunsa na kansa, kuma yana ɗaga maka hankali da wa'adin mako biyu, to ka ja baya.

TAIMAKON GWAMNATI FA?

Akwai, amma shi ma da ƙa'idarsa. Jihar Kaduna tana da hukumar ba da tallafin karatu da lamuni ga 'yan asalin jiha, kana iya zuwa ofishinsu ka ji abin da ke buɗe. A Kano, Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso ya tura ɗalibai 501 a 2012, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya farfaɗo da shirin a 2023, amma don digiri na biyu, ga waɗanda suka fita da daraja ta ɗaya. Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka kafa a 1961, ba ta karɓar kuɗin karatu daga wanda ta ɗauka, tana ba da ɗaki da alawus da tikiti, sai dai tana da iyakar shekaru, kuma masu nema suna da yawa ƙwarai.

Ko tallafin gwamnati ma ba abin miƙe ƙafa ba ne. Ɗaliban da gwamnatin tarayya ta tura ƙasashe irin su Rasha da Maroko da Hangari ƙarƙashin yarjejeniyar musayar ilmi, a 2024 aka rage alawus ɗinsu daga dala 500 a wata zuwa 220, ga jinkirin biya. A 2025 ministan ilmi Dokta Tunji Alausa ya ba da sanarwar daina tura sababbi a wannan shiri. Shi kuwa lamunin NELFUND, wanda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa dokarsa hannu a Afrilun 2024, na ɗaliban makarantun gwamnati ne na cikin gida, bai shafi mai karatu a waje ba.

SHAWARARMU

To Alhaji, kai ɗan kasuwa ne, ba a koya maka lissafi. Ka sami takarda ka rubuta kuɗin kowace shekara tun daga ta fari har ta ƙarshe, da dala, ba tare da rangwamen ba. Ka ƙara shekara ɗaya ta ko-ta-kwana. Ka je wurin 'yan canji ka ji farashin ranar, ka mayar da shi naira, sannan ka mayar da shi buhunan masara. Sai ka tambayi kanka: in gonar ta biya shekara biyu, me zai biya sauran huɗu, tun da ita ce ke kawo buhunan? Kuma tun da ta gado ce, sauran magada da ƙannen yaron sun san da maganar?

In lissafi ya fita har ƙarshe, kuma ma'aikatar ilmi da MDCN sun san makarantar, to Allah ya sa albarka, neman ilmi a nesa ba baƙon abu ba ne gare mu, kakanninmu sun taka har Timbuktu da Masar. In kuwa bai fita ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Yaro ya sake zama jarrabawar JAMB, ya nemi Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko ta Jihar Kaduna da ke nan kusa da ku, ko Bayero ta Kano, ko ya shiga makarantar koyon aikin jinya. In ya yi ƙoƙari ya fita da sakamako mai kyau, ƙofar tallafin digiri na biyu a waje ta fi ta na farko faɗi. Shekara ɗaya ta jira ba ta kai asarar gona ba.

Da fatan mun gamsar da kai. Masu sauraro, a ci gaba da aiko mana da takardu. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa, mu huta lafiya.