Yadda gangunan Kyuba suka samu wurin zama a gaban makaɗan okestira

A al'adar kiɗan gargajiyar Turai, masu goge ne ke zama a gaba, masu busa a tsakiya, masu ganguna kuwa can baya. A shekarar 1932 mawallafin kiɗan nan na Amurka, George Gershwin, ya sauya wannan tsari a wani kiɗan nishaɗi da ya haɗa salon Turai da na rawar ƙasar Kyuba.

A watan Fabrairun shekarar ne Gershwin ya je hutu birnin Havana, inda kiɗan 'yan rawa ya ɗauki hankalinsa. Ya koma New York da kayan kiɗa huɗu: tagwayen ƙananan ganguna da ake kira bongo, da caki, da duma mai tsage-tsage da ake kartawa, da wasu gajerun sanduna biyu da ake kira kilabe. Waɗannan sanduna su ne ƙashin bayan kiɗan, domin bugu biyar da suke maimaitawa, uku sannan biyu, shi kowane makaɗi ke bi. Tushen wannan bugu Afirka ne, bayin da aka kai tsibirin suka tafi da shi.

Daga Turai ya ɗauko ginin kiɗan: kashi uku, farko da ƙarshe masu zafi, tsakiya mai sanyi. Daga Kyuba ya ɗauko bugun, har ma da wani karin da ya aro daga waƙar Échale Salsita ta Ignacio Piñeiro. Sannan ya rubuta umarni cewa a ajiye kayan kiɗan Kyuba dab da gaban jagoran makaɗa, yadda jama'a za su gan su, su kuma ji su.

An fara kaɗa shi ranar 16 ga Agustan 1932 a filin Lewisohn da ke New York da sunan Rumba. Bayan 'yan watanni aka sauya masa suna zuwa Cuban Overture, don a ɗauke shi da muhimmanci, kada a ɗauka kiɗan rawa ne kawai.

Sauya sunan ya nuna irin kallon da ake yi wa kiɗan talakawa a wancan zamani: ana son daɗinsa, amma ana jin nauyin sunansa. Har yau ana kaɗa Cuban Overture a manyan zaurukan duniya, sai dai ba kowane mai sauraro ne ya san da hannun Piñeiro a ciki ba.