Tuffar Tsibirin Bardsey: Bishiya Ɗaya Tilo da Ta Zama Iri

Tsibirin Bardsey ɗan ƙaramin wuri ne a cikin teku, kimanin kilomita 3 daga bakin gaɓar arewa maso yammacin Wales a ƙasar Birtaniya. Iska mai gishiri tana kaɗawa a can kusan kullum, shi ya sa itatuwa ba sa samun sukunin miƙewa. A shekarar 1998 wani mai nazarin tsuntsaye, Andy Clarke, yana tsintar tuffa a gindin wata tsohuwar bishiya da ta manne da bangon wani gida mai suna Plas Bach, domin ya jawo tsuntsaye da ita, sai ya lura da abin da ya ba shi mamaki: babu tabon cuta ko ɗaya a jikin 'ya'yan, haka ma ganye da rassan. Ya kai wasu ga Ian Sturrock, mai renon itatuwan marmari a kusa da garin Bangor. Shi ma ya juya tuffar, ya shinshina, ya ɗanɗana, bai gane irinta ba. Daga nan aka aika da ita Brogdale a gundumar Kent, inda Birtaniya ke ajiye da nau'in tuffa sama da 2,000, kowanne da bishiyarsa a raye. Ƙwararriyar masaniyar tuffa Dokta Joan Morgan ta gwada ta da abin da aka sani, ta ce ba ta da ta biyu. A lokacin, wannan bishiya guda ita kaɗai ce irinta a duk duniya.

Kamanninta ba na tuffar da muka saba gani a tire a bakin titi ba ne, mai santsi da sheƙi kamar an shafa mata mai. Matsakaiciya ce, ɓawonta fari-fari ne mai ɗan rawaya, da ratsin ja mai haske a gefen da rana ke bugu. Jikinta yana da tudu-tudu da suka taso daga gindi suka haɗu a baki. Idan aka yanka ta, namanta na da ruwa da ɗan ƙarfi a haƙori, kuma ƙanshin lemun tsami ne ke fara dukan hanci. Tana nuna a ƙarshen Satumba, tana iya ajiyuwa zuwa Nuwamba. Uwar bishiyar kuwa ba ta da tsayi. Iskar teku tana ƙone duk wani toho da ya leƙo sama da inuwar bangon, don haka ta karkace ta lafe a jikin ginin.

Abin da ya fi jan hankalin masana shi ne lafiyarta. Wales ƙasa ce mai yawan ruwan sama da laima, yanayin da cututtuka biyu na fumfuna suka fi so. Ta farko, wadda masana ke kira Venturia inaequalis, tana fesa baƙaƙen tabo a ganye da 'ya'ya, har 'ya'yan su tsattsage tun ba su ƙosa ba. Ta biyu tana cin ɓawon reshe, ta bar wani rami kamar gyambo, ta zagaye reshen har ya bushe. Manoman tuffa a ƙasashe masu laima sukan yi feshin magani sau goma ko fiye a kaka ɗaya saboda ta farkon kawai. To ga bishiyar da ba wanda ya taɓa fesa mata komai, tana tsaye garau. A nan ya kamata a yi hattara: bishiyar da ke zaune ita kaɗai a tsibiri tana iya tsira don cutar ba ta iso gare ta ba, ba don ta fi ƙarfinta ba. Gwajin gaskiya shi ne a dasa ta cikin 'yan uwanta masu cutar. An yi hakan, kuma masu renon itatuwa a Birtaniya har yau suna sayar da ita a matsayin iri mai juriya.

Ta yaya sabon iri zai fito haka kawai a jikin bango? Amsar tana cikin furen. Furen tuffa yana da fallaye 5, yana tohowa ja-ja ya buɗe fari, a dunƙule biyar ko shida, na tsakiyar ne ke fara buɗewa. Namiji da mace duk suna cikin fure ɗaya, amma a mafi yawan nau'o'i bishiyar ba ta karɓar ƙurar furen kanta, ba ta kuma karɓar ta wata bishiyar da suke iri ɗaya. Dole ƙudan zuma su ɗauko ƙurar daga wani iri dabam. Saboda haka kowace ƙwaya da ke cikin tuffa tana da uwa da uba mabambanta. A yanka tuffa ta tsakiya a kwance, za a ga ɗakuna 5 sun yi siffar tauraro, kowanne da ƙwaya ɗaya ko biyu. Idan aka shuka su duka, kowace za ta ba da bishiyar da ba a taɓa yin irinta ba, ba ta zama uwar ba, ba ta zama 'yar uwarta ba. Yawancinsu 'ya'yansu ƙanana ne masu tsami ko bauri. Jefi-jefi ake dacewa da mai kyau.

Da yawa daga cikin shahararrun nau'o'in duniya ta wannan hanya suka samu. Granny Smith, koriyar nan mai tsami, ta tsiro ne da kanta a Ostireliya a 1868. Golden Delicious ta fito a wata gona a jihar West Virginia ta Amurka, kamfanin Stark ya sayi bishiyar a 1914 a kan dala 5,000, ya kuma kewaye ta da keji. Ko a 2020 wani mutum mai suna Archie Thomas ya tsinci tuffa a wata hanyar daji a Wiltshire ta Ingila, masana suka tabbatar sabon iri ce. Asalin wannan yawan bambanci yana can duwatsun Tian Shan na Kazakistan, inda kakar tuffa ta daji, Malus sieversii, ke yin kurmi guda, kowace bishiya da kalar 'ya'yanta da ɗanɗanonta.

Tunda ƙwaya ba ta riƙe iri, hanya ɗaya ce ta rage: aure, kamar yadda masu lambu a wajenmu ke yi wa mangwaro. Sturrock ya yanko 'yan rassa daga uwar bishiyar, ya ɗaura su a kan gindin wasu ƙananan bishiyoyin tuffa, ya fere su yadda koren da ke ƙarƙashin ɓawon wannan zai haɗu da na wancan, ya naɗe wurin har suka kama. Saiwar ta wani ce, amma duk abin da ya fito sama na Bardsey ne zalla. Bishiyar da aka shuka daga ƙwaya takan kai shekara 6 zuwa 10 kafin ta yi 'ya'ya. Mai aure a kan gajeren gindi tana farawa cikin shekara 2 ko 3.

Akwai masu danganta bishiyar da sufayen Kirista da suka zauna a tsibirin tun ƙarni na 6. Labarin yana da daɗin ji, yana kuma taimaka wa ciniki, amma tuffa ba ta cika wuce shekara 100 zuwa 200 a raye ba, kuma gidan da ta jingina da shi an gina shi ne a shekarun 1870. A ganina darajarta ba ta bukatar wannan ado. Iri ne mai jure cuta a ƙasa mai laima ba tare da feshi ba, kuma guguwa ɗaya mai ƙarfi da ta isa ta shafe shi daga duniya kafin 1998.

Mai karatu da ke da tsohon mangwaro ko gwaiba ko lemo a gida ko a gona, wanda 'ya'yansa suka bambanta da na kowa, ko wanda cuta ke tsallakewa ta kama na maƙwabta, ya nemi mai lambun da ya iya aure ya ɗebi rassansa tun kafin a kai masa gatari.