Goyo, Raino da Barcin Jariri a Ƙasar Haɗejiya



Gabatarwa

Hausawa na cewa barci ɓarawo ne, amma duk wanda ya taɓa kwana a gidan da ake jego ya san akwai ɗakin da ɓarawon nan yake jinkirin shiga. Abin da nake so in nuna a wannan lacca shi ne, ba a tilasta wa jariri barci, sai dai a kawar masa da abin da ya hana shi. Zan ɗauki misalaina daga Birniwa da sauran ƙasar Haɗejiya, inda zafin bazara da sanyin hunturu da sauron fadama kowanne yake da nasa rabo a cikin daren yaro.

Yadda barcin jariri yake

Hukumar Lafiya ta Duniya, a cikin shawarwarin da ta fitar a 2019, ta ce jariri daga haihuwa zuwa wata 3 yana bukatar barcin awa 14 zuwa 17 a yini da kwana. Daga wata 4 zuwa 11, awa 12 zuwa 16. Ɗan shekara 1 zuwa 2 kuwa, awa 11 zuwa 14. To, amma ba a jere yake yin waɗannan awowi ba. Cikinsa ƙarami ne, nono ba ya daɗewa a ciki, ga shi kuma sai ya kai wajen wata 3 kafin jikinsa ya soma rarrabe dare da rana. Saboda haka farkawar jariri da dare ba rigima ba ce, halitta ce. Uwar da ta san haka ba za ta zargi nononta ba, uban da ya san haka kuma ba zai zargi uwar ba.

Hikimar goyo

Harshenmu da kansa shaida ne cewa iyayenmu mata sun daɗe da nazarin wannan al'amari. Muna da goyo, da raino, da jijjiga, da lallashi, kowace kalma da aikinta. Idan yaro ya ƙi barci, kaka takan ce a miƙo mata shi, ta goya shi, ta ɗaure da majanyi, ta yi ta kai da kawowa a tsakar gida tana bubbuga shi tana waƙar raino. Waƙar nan gajeruwa ce, ana ta maimaita ta, kuma karinta yana bin takun mai goyo.

A 2022 wasu masana a cibiyar bincike ta RIKEN a ƙasar Japan, a ƙarƙashin Dokta Kumi Kuroda, sun auna bugun zuciyar jarirai masu kuka. Suka ga cewa idan uwa ta ɗauki yaro ta yi tafiya da shi minti 5 ba tsayawa, zuciyarsa takan lafa, kukan ya tsaya. Suka kuma ba da shawara ta zauna da shi minti 5 zuwa 8 bayan barci ya ɗauke shi, kafin ta kwantar. Ashe tsohuwar da ke hana a sauke goyo da garaje, tana cewa a bari barcin ya yi nauyi, da hujjarta.

Abin da ya kamata a gyara

Amma fa ba duk abin da muka gada ne za a bari yadda yake ba. Abu na farko shi ne kwanciya. Jaririn da bai shekara ba a rigingine ake kwantar da shi, a kan shimfiɗa mai tauri, ba matashin kai, ba tulin zannuwa. Da aka yi yekuwar daina kwantar da jarirai ruf-da-ciki a Ingila a 1991, da Amurka a 1994, mutuwar fuju'a ta jarirai a cikin barci ta ragu da fiye da rabi.

Na biyu, zafi da hayaƙi. Da hunturu akan shigar da kaskon wuta ɗakin maijego, a rufe ƙofa da taga, a kuma lulluɓe yaro har ka. Hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kisa ba tare da an farka ba. A taɓa ƙeyar yaro, in an ji gumi, to, kaya sun yi masa yawa.

Na uku, sauro. Da damina, idan ruwan kogin Haɗejiya ya malala fadamu, yaron da ke ta juyi yana kuka sau da yawa cizo ne ya dame shi, ko kuwa zazzaɓi ne ya soma. Maganin wannan shi ne gidan sauro mai magani, ko da a tsakar gida aka kwana. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara daga wata 3 zuwa shekara 5 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro wata-wata a lokacin damina, kuma Jihar Jigawa tana cikin masu rabawa. Kada a mai da masu rabon nan daga zaure.

Na huɗu shi ne mafi hatsari, kuma ya fi shafarmu, mu ma'aikata. Wanda zai yi sammakon ofis yakan gaji, ya aika kemis a sayo abin da zai sa yaro barci. Mu tuna da 2008, lokacin da gurɓataccen maganin haƙoran yara mai suna My Pikin ya shiga kasuwa, har yara 84 suka rasu a Nijeriya. Ko magani ba gurɓatacce ba ne, barcin da ya kawo yana ɓoye cutar da kukan yake sanarwa. Jaririn da jikinsa ya yi zafi, ko ya ƙi kama nono, ko ake tashinsa da ƙyar, asibiti ya kamata a kai shi a daren nan.

Kammalawa

Abin da ya rage shi ne tsari: wanka, nono, rage haske, waƙa, a lokaci guda kullum, har yaro ya gane cewa dare ya yi. Ranar yaye ma kada a yanke masa nono da ɗaki da waƙar da ya saba a rana ɗaya. Ku kuma maza, goyo dai na mata ne a al'adarmu, amma tafiyar minti 5 da yaro a kafaɗa ba ta rage wa kowa girma. Ɗalibai kuwa, in kun je gida hutu, ku zauna da kakanninku ku rubuta waƙoƙin rainon da suka sani.

Allah ya raya mana su.