Kafin A Kafa Turakun Awo: Abin Da GRA Ke Koya Wa Sababbin Unguwannin Katsina

A tsakiyar bazara, lokacin da rana ke dukan kwalta a Ƙofar Ƙaura har mutum ya rasa inda zai raɓe, shiga GRA tamkar shiga wani gari ne dabam. Tituna masu faɗi, manyan itatuwan darbejiya sun haɗe kai ta sama, kowane gida da sararinsa. Wannan sanyin shi ne abin da duk mai sayar da fuloti a bayan gari yake yi wa mai saye alkawari idan ya ce masa wurin "sabuwar GRA" ce. Amma kafin mu ci gaba da kwaikwayon GRA, ya kamata mu san yadda aka yi ta, domin gadonta iri biyu ne.

Turawa sun shigo Katsina a 1903, suka kafa barikinsu a bayan ganuwa. A 1917 gwamnatin Lugga ta fitar da dokar tsara garuruwa, wadda ta tanadi a bar fili na yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da mazaunin 'yan ƙasa, bisa hujjar kare Turawa daga sauro da zazzaɓi. Da wannan tunanin aka zana unguwannin bariki, wato GRA, a faɗin Nijeriya. Mai zanen ya yi tunanin iska da inuwa da magudanar ruwa, kuma ya yi daidai. Sai dai maƙwabci a wurinsa haɗari ne da za a nisanta, ba mutumin da za a nemi shawararsa ba. Abin da ke damuna shi ne, a yawancin rukunin gidajen da muke ginawa yau mun ɗauki gado na biyu, wato katanga da nisantar maƙwabci, mun bar na farko, wato itace da sarari.

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Katsina ranar 23 ga Satumba, 1987, birnin bai daina faɗaɗa ba. Ƙidayar 2006 ta samu mutum sama da 300,000 a ƙaramar hukumar Katsina kaɗai, kuma tuni gari ya tsallaka cikin ƙasar Batagarawa. Hanyar Dutsinma ta cika da makarantu: Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, Jami'ar Alƙalam, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa. Rukunin gidaje irin na Goruba da Barhim da Fatima Shema sun tashi. Ƙauyuka irin su Modoji da Dandagoro da Barhim, waɗanda a da sai an yi tafiya a kai gare su, yanzu gari ya iske su har ƙofar gida. Gidajen nan ana bukatarsu, babu mai musu. Ma'aikaci da ɗan kasuwa da ango sabon aure duk suna neman wurin zama. Tambayar ita ce yadda za a yi su ba tare da an mai da mutanen ƙauyen baƙi a ƙasar kakanninsu ba.

Doka ce ta fara raunana manomi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta ba shi ikon karɓe ta domin amfanin jama'a. Diyyar da ta tanada ta abin da ke kan ƙasar ce: gini, amfanin gona, itatuwa masu amfani. Ita ƙasar kanta ba a biyan kuɗinta. To, gonar gero ba ta da gini. Mutum ya gaji gona daga uba da kaka, a ƙiyasta masa kuɗin amfanin da ke kanta da 'yan itatuwansa, kuɗin su ƙare a hidimar aure ɗaya, bayan 'yan shekaru ya ji an sayar da fuloti guda a cikin gonar da abin da ya ninka diyyarsa sau da yawa. Manoma sun gane wannan lissafin. Shi ya sa da an ji ƙishin-ƙishin ɗin gwamnati na tafe, sai mai gona ya kira dillali a yanka ta awon igiya, a sayar kafin a karɓe. Daga nan ake samun unguwa mai lungun da mota ba ta shiga, babu filin makaranta, babu hanyar ruwa. Ban ga laifin manomin ba. Tsarin da bai ba shi kaso ba ne ya tura shi.

A takarda, akwai ƙofar da jama'a za su shigo. Dokar tsara birane da yankuna ta 1992 ta tanadi a baje daftarin tsari domin mai ƙorafi ya kawo ƙorafinsa. Dokar auna tasirin ayyuka ga muhalli, ita ma ta 1992, ta wajabta bincike ga rukunin gidajen da ya kai hekta 50. Amma daftarin da aka rubuta da Turanci aka ajiye a ofis a cikin birni, yaushe tsohon da ke noman gyaɗa a bayan Barhim zai gan shi? Kuma ko ya gani, an riga an gama zane. Shawarar da aka nema bayan safiyo ya kafa turaku sanarwa ce kawai.

Hasarar ba ta ƙauye kaɗai ba ce, har da ta masu shiga sababbin gidajen. Safiyo yakan zo da rani, ya ga fili shimfiɗe a bushe. Mutumin ƙauye ya ga filin nan a watan Agusta shekara arba'in. Ya san ta inda ruwa ke gangarowa, ya san kwarin da ke cika, ya san dalilin da ya sa kakanninsa ba su taɓa gini a wani gefe ba. Ruwan Katsina ba shi da yawa a shekara, amma yakan sauko da ƙarfi cikin 'yan watanni, kuma ambaliyar Jibiya ta watan Yulin 2018, wadda ta ci rayuka sama da 40, ta nuna abin da ruwan dare ɗaya zai iya yi. Kududdufin da mai zane ke ganin ramin banza ne da za a cike a fitar da fuloti huɗu, shi ne ke karɓar ruwan unguwa, ya shayar da dabbobi, ya kuma tsiyaya a hankali ya ciyar da rijiyoyi. Idan aka cike shi aka shafe ko'ina da siminti, ruwan zai nemi wurin zuwa, kuma gidan ƙasa na talaka da ke gangare shi ne zai fara faɗuwa. Haka burtali. Layi ne da ba ya cikin taswirar ofis, amma toshe shi na nufin shanu su bi ta gonar wani, kuma jihar nan ta san abin da rikicin manomi da makiyayi ke haifarwa. Ga maƙabarta, ga filin Idi, ga hanyar da yara ke bi zuwa makaranta, ga wadda mata ke bi zuwa injin niƙa.

Sai ruwan sha. Madatsar Ajiwa ta daɗe tana ɗauke da birnin, an kuma ƙaddamar da aikin ruwan Zobe a 2021, amma sabuwar unguwar da famfo bai kai ba, kowane gida rijiyar burtsatse yake haƙawa. Gidaje ɗari biyu, burtsatse ɗari biyu, kowace tana zuƙa, sau da yawa rijiyar guga ta ƙauyen da ke gefe ita ce ke fara ƙafewa. Burtsatse kaɗan masu aiki da hasken rana, da babban tanki, da bututun da zai kai har cikin ƙauyen, sun fi arha ga kowa, kuma sun fi sauƙin sa ido.

Batun itace kuwa ba sai mun je nesa neman malami ba. A Maraɗi, maƙwabciyarmu, tun shekarun 1980 manoma suka koma barin tohon kututture yana girma a gonakinsu suna yi masa sassabe, har miliyoyin hekta suka farfaɗo a kudancin Nijar. Mu kuma katafila ce ke fara shiga, ta tuge gawo da ɗorawa da tsamiya da kuka waɗanda suka shekara hamsin, sannan a dasa 'yan furanni a bakin get. Inuwar GRA shekaru masu yawa ta ɗauka kafin ta haɗu. Gonar da za a mai da unguwa ta zo da tata inuwar a shirye. A ƙirga itatuwan tare da masu gonar, a karkata titi ya kauce musu.

Duk wannan ba zai tsaya ba sai mai gona yana da kaso. An san tsarin kashi-mu-raba, inda ake yanka gona a fitar da tituna da wuraren jama'a, a mayar wa mai ita wani ɓangare na fulotan. Da irin wannan dabara aka gina sassa masu yawa na biranen Japan da na jihar Gujarat a Indiya. Mutumin da ya san fulotansa na cikin unguwar shi zai fi kowa tsare filin makaranta daga masu cin iyaka. Abuja kuwa ta nuna ɗaya fuskar: tun 1976 ake maganar tsugunar da Gbagyi da sauran 'yan asalin wurin, har yau ba ta mutu ba.

Zaman shawarar kansa yana da ƙa'ida. A yi shi kafin zane, da rani, lokacin da mutane ba sa gona, a ƙofar gidan mai gari, da Hausa. Hakimi da dagaci da mai unguwa da liman dole ne, amma ba su isa ba. A yi wa mata nasu zaman a cikin gida, domin suna da gadon gona kuma su suka san wahalar ruwa. A kira arɗo, a kira masu noman aro da haya waɗanda ba su da takarda ko ɗaya amma da gonar suke ci. A taka filin da ƙafa tare da su, a sa alama a kan kowane kwari da burtali da kabari. Abin da aka amince a rubuta shi da boko da ajami, hukumar tsara birane ta jiha ta sa hannu, mai ginin ya sa hannu, kwafi ɗaya ya zauna a hannun mai gari. Kuma kada a ba kamfani izinin sayar da gida ko ɗaya sai an ga magudanar ruwa da famfon ƙauyen suna aiki.