Ko Kun Sani? Lua, Ƙaramin Harshen Kwamfuta Daga Brazil

Ko kun san cewa Lua, harshen da ke aiki a cikin wasan World of Warcraft da manhajar Adobe Lightroom, a Brazil aka ƙirƙiro shi? A 1993 ne Roberto Ierusalimschy da Luiz Henrique de Figueiredo da Waldemar Celes na jami'ar PUC-Rio suka fito da shi. Matsi ne ya haife shi: daga 1977 zuwa 1992 ƙasar ta tsaurara shigo da kwamfuta da manhaja daga waje, dole 'yan gida suka ƙera nasu, musamman don ayyukan kamfanin mai na Petrobras.

Gaba ɗayansa bai kai megabayit ɗaya ba, shi ya sa ake cusa shi cikin manyan manhajoji. Wikipedia ma da shi take sarrafa samfuranta tun 2013.

Ga ɗan koyo kuwa, abin da sauƙi. Keɓaɓɓun kalmominsa kaɗan ne, hanyar tsara bayanai kuma guda ɗaya, wato tebur. Sai dai wanda ya saba da Python ya yi hattara, a nan ƙirga daga 1 take farawa, ba daga 0 ba. Kyauta ne, ku sauke shi ku fara da print("Sannu").