Sassauta Dokar Yawo da Bindiga a Amurka

Gardamar da aka daɗe ana yi a Amurka a kan yawo da bindiga domin kare kai, in an bi ta a tsanake, tambaya ɗaya ce: mutum ne zai kawo dalilin da za a ba shi izni, ko kuwa hukuma ce za ta kawo dalilin hana shi?

Da can, a jihohi da yawa, nauyin yana bisa wuyan mutum. Jihar New York ta kafa dokar lasin cikin 1911, sa'an nan cikin 1913 ta ƙara sharaɗi cewa mai son yawo da libarba sai ya nuna dalili karɓaɓɓe. Alƙalai suka fassara wannan da bukata ta musamman wadda ta ɗara ta sauran jama'a. Watau tsoron ɓarayi kaɗai bai isa hujja ba, gama kowa yana da shi.

Cikin 1987 Jihar Florida ta sake hanya, ta ce duk wanda ya cika sharuɗɗa, tilas a ba shi lasin. Jihohi da dama suka bi sawunta. Alaska cikin 2003, da Arizona cikin 2010, suka wuce nan, suka soke wajabcin lasin ɗin. Vermont kuwa ba ta taɓa neman lasin ba tun asali.

Kotun Ƙoli ta shigo a makare. Gyara na biyu na tsarin mulkin ƙasar, na 1791, ya ambaci hakkin ajiye makami da ɗaukarsa, amma ya haɗa zancen da mayaƙan sa kai, har masana suka rabu a kan ko hakkin na mutum ɗaya ɗaya ne. A shari'ar Heller ta 2008, alƙalai 5 suka rinjayi 4, aka ce na mutum ne, a cikin gidansa. A shari'ar Bruen ta 2022, alƙalai 6 suka rinjayi 3, aka fito da hakkin nan waje, aka rushe sharaɗin New York.

Abin lura a hukuncin, wanda Alƙali Clarence Thomas ya rubuta, shi ne ma'aunin da ya kafa: hukuma ce za ta nuna cewa dokarta tana da makamanciya a tarihin ƙasar. Ba a tambayar ko dokar tana rage kisa. Lalle wannan nauyi ne babba, don ya mai da alƙali mai tonon tarihi, alhali bindigar 1791 ta ɗuri ce, harbi ɗaya sai a sake ɗurawa.

Ba a jima ba wahalar ta bayyana. Wata kotun ɗaukaka ƙara ta bi ma'aunin, ta soke dokar da ke hana bindiga ga wanda alƙali ya yi wa iyaka da iyalinsa saboda cin zali. Cikin 2024, a shari'ar Rahimi, alƙalai 8 suka rinjayi 1, aka mai da dokar, aka ce kama a manufa ta isa, ba sai an sami tagwai ba. Wanda ya saɓa shi ne Thomas kansa.