Kokwambar Teku: Halittarta da Amfaninta

Kokwambar teku dabba ce, ba tsiro ba. Siffarta ce kawai ta jawo mata wannan suna. A gindin teku take zaune, kuma masana sun ƙidaya ire-irenta fiye da 1,500. Takan haɗiye laka da yashi, ta tsotse ɓurɓushin abincin da ke ciki, ta fitar da sauran, watau irin aikin da tana ke yi wa ƙasar lambu. Abin mamaki, da yawa daga cikinsu ta dubura suke numfashi.

Idan kifi ko ƙaguwa suka kawo mata hari, wata takan zubo da hanjinta waje, sabo ya tsiro cikin 'yan makonni. Wata kuma sai ta harbo zare mai danƙo ya ɗaure maharin. Fatar da yawansu tana da dafi mai kashe kifi. Garkuwar jikinta kuwa ba irin ta ɗan Adam ba ce: wasu ƙwayoyin halitta ne masu yawo cikin ruwan jikinta suke kewaye ƙwayar cuta su cinye ta.

Mutanen ƙasar Sin sun daɗe suna cin ta. Akan dafa ta, a busar, a sayar da tsada. A Maleshiya kuma ana haɗa man shafawa da ita domin rauni. Tsadar nan ta sa masunta suka kusa ƙarar da ita a wurare da dama, har a shekarar 2019 yarjejeniyar CITES ta sanya iri uku cikin waɗanda ba a fitarwa ƙasashen waje sai da takardar izini.